Kafin mu yi kukan tarbiyya, mu tambayi ƙarfe nawa yaranmu ke barci

Duk lokacin da aka tayar da zancen waya da matasa a garin Jos, ko a wajen wa'azi, ko a taron iyaye da malamai, ko a majalisar ƙofar gida bayan isha'i, hanya ɗaya zancen ke bi, wato lalacewar tarbiyya. Wance ta yi rawa a TikTok, wane ya koyi ashar, an ga hoton ɗiyar wane ba mayafi. Sai a yi salati, a tsine wa zamani, a watse. Ban raina wannan damuwar ba, ni ma uba ne. Amma na lura mun fi tsayawa a kan abin da zai ba mu kunya a idon jama'a, mun bar abin da ke cin lafiyar yaran a ɓoye. Yaron da bai taɓa ɗora bidiyo ko ɗaya ba, wanda unguwa ke yabon natsuwarsa, yana iya zama shi wayar ta fi yi wa illa. Ba ya samun barci, ba ya cin abinci yadda ya kamata, kuma akwai abin da ke cin ransa wanda ba zai iya faɗa wa kowa a gida ba.

Ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari. Idan aka ce in faɗi babban abin da ya canza a aji a shekarun nan, zan ce gyangyaɗi. A da, sai bayan an dawo daga tara, ciki ya ɗauka, rana ta ɗaga, sannan muke fama da masu barci. Yanzu tun darasin farko, da sanyin safiyar Jos ɗin nan da ke wartsake ko wane ne, za ka ga idanu jajaye, kai yana rinjaya. Ka ja yaro gefe ka ce, "Kai, ƙarfe nawa ka kwanta jiya?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam ban duba ba." In ka matsa masa, sai ka ji ƙarfe biyu, wani ma uku saura.

Likitocin da suka ƙware a harkar barci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. To mu yi lissafin da irin rayuwarmu. Yaro a Anguwan Rogo ko Gangare ko Rikkos zai tashi sallar asuba wajen biyar da rabi. Daga nan sai ɗiban ruwa, shara, wanka, neman keke zuwa makaranta. In an tashi ga Islamiyya da yamma, wani sai ya leƙa shagon yayansa a Terminus, wata kuma tana da girkin dare. Wanda zai tashi biyar da rabi, in har zai samu awa 8 ɗin nan da ita ce mafi ƙaranci, dole barci ya ɗauke shi da tara da rabi. Gida nawa ne a cikinmu ake yin haka?

A daidai lokacin da ya kamata yaro ya yi nisa a barci, a lokacin ne kamfanonin sadarwa ke buɗe datar dare mai araha, wadda ke aiki daga tsakiyar dare zuwa wajen asuba. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a farkon 2025, ɗalibin da ke tara canjin kuɗin tara don ya sayi data ya ƙara komawa ga ta dare, domin ita aljihunsa ke iya ɗauka. Ƙara da cewa a unguwanni da yawa sai dare ake ganin wuta, sai a jona waya a caji a gefen katifa. Abokan hira duk suna kai a lokacin, gida ya yi tsit, Baba ya rufe ɗaki. Komai ya haɗu ya mai da tsakar dare lokacin kasuwar yara.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba game da jikin matashi. Idan yaro ya fara balaga, agogon jikinsa yakan ja baya. Sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki don ta shirya mutum ga barci yakan makara wajen fitowa, shi ya sa ɗan shekara 15 ba ya jin barci da wuri kamar ƙaninsa ɗan shekara 8. Halitta ce, ba taurin kai ba. Sai a ɗora hasken fuskar waya a kan wannan, a ɗora abin da ake kallo, wanda shi ne ma ya fi hana ido rufuwa: gardama a guruf, jiran amsar wata ko wani, bidiyo na bin bidiyo. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun da aka yi da rana, a cikinsa ne jiki ke sakin mafi yawan sinadarin girma. Yaron da ke kwana awa huɗu zai yi saurin fushi, zai manta abin da ya karanta, zai yi ta ciwon kai. Uwa ta aika kyamis a sayo farasitamol, uba ya ce lalaci ne, malami ya ɗauko bulala. Babu wanda ya tambayi inda wayar ke kwana.

Na sha jin ana cewa ai laifin yaran ne, su suka ƙi kame kansu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗannan manhajoji an gina su ne don kada a ajiye su, kuma ba zargi nake yi ba, masu ginin ne suka faɗa. A 2017 Sean Parker, shugaban kamfanin Facebook na farko, ya fito fili ya ce tun farko abin da suka sa a gaba shi ne yadda za su cinye lokaci da hankalin mutum gwargwadon iko, ta hanyar amfani da raunin da ke cikin ɗabi'ar ɗan Adam na son a yaba masa. Aza Raskin, wanda ya ƙirƙiro tsarin nan da ake ta jan shafi ba ya ƙarewa, daga baya ya nuna nadama. Kuɗin kamfanonin daga talla yake zuwa, talla kuwa sai da ido a kan waya. Manhajar tana lura da abin da ka ɗan tsaya a kansa na daƙiƙa biyu, sai ta ƙaro maka irinsa, ba ruwanta da ko yana faranta maka rai ko yana baƙanta shi. Sashen ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an kai wajen shekara 25. Muna neman ɗan shekara 14 ya yi galaba a kan abin da ke kayar da mu manya, abin da dubban injiniyoyi ke karɓar albashi don su tabbatar bai yi galabar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kamfanin da ya mallaki TikTok ke yi wa yaran ƙasarsa. A China, manhajarsa mai suna Douyin tun 2021 ta ƙayyade wa yaran da ba su kai shekara 14 ba minti 40 a rana, kuma daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a rufe take gare su. Sun san dare ne wurin ɓarnar.

Bayan barci, sai maganar jiki, kuma a nan 'yan mata suka fi shan wahala. A 2021 wata ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin, ta kuma ba da shaida a gaban majalisar dattawan Amurka. A cikin takardun akwai binciken da kamfanin da kansa ya yi, inda kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata matasa suka ce idan suna jin ba su gamsu da jikinsu ba, Instagram na ƙara tsananta musu abin. Kamfanin ya sani, bai faɗa wa iyaye ba. A watan Oktoban 2023 jihohin Amurka fiye da 40 suka maka kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, a kotu kan zargin ya tsara manhajojinsa yadda za su kama yara.

A can abin da ke damun 'yan matansu shi ne son rama. Namu ya sha bamban: hasken fata da cikar jiki. Yarinya ta ɗauki hoto, filta ya goge mata ƙuraje, ya haska fuska, ya miƙe hanci. Aka yi ta yabo a ƙasan hoton. Sai ta ajiye waya ta dubi madubi, ta ga wata daban, kuma wadda ke cikin madubin ita ce ba ta so. Daga nan hanya a buɗe take, domin a shafin da ta ga hoton, a nan mai sayar da man bilicin take, da lambar waya da alkawarin kawowa har gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan haska fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Da yawa daga cikin waɗannan haɗe-haɗen na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, ko sinadaran da ke sa fata ta yi siriri har ciwo ya ƙi warkewa. Ga kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ba a shan su sai da izinin likita. Suna kumbura fuska da ciki, suna iya jawo hawan jini da ciwon suga, suna raunana garkuwar jiki. Bilicin ya girmi soshiyal midiya, na sani. Amma a da sai budurwa ta kusa aure take jin irin wannan zancen a bakin ƙawaye, yanzu 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare tana ganin tallarsa kullum a ƙarƙashin bargo.

Samari kuma nasu ciwon kuɗi ne. Yaro yana kallon sa'ansa a mota, da agogo, da bandir ɗin kuɗi, bai san aro ne ko haya ko damfara ba, sai ya ji rayuwarsa ba ta da daraja, sana'ar ubansa ta zama abin kunya. Mun ga abin da ya faru a 2024 lokacin da aka yi yayin mainin, wato haƙar kuɗin intanet ta waya. Yara da manya suka dinga dangwalar fuskar waya dare da rana ana jiran ranar da za ta fashe, da manhajar mainin ta Hamster Kombat ta zo rabo a ƙarshen Satumba aka ga abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Wasu daga nan suka zarce caca ta intanet. Doka ta hana wanda bai kai 18 ba yin caca, amma wa ke dubawa?

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu mutanen Jos fiye da sauran garuruwa, kuma ban cika jin ana kawo shi a matsayin maganar lafiya ba. Garin nan ya ga rikicin Satumban 2001, ya ga na Nuwamban 2008, ya ga na Janairun 2010, unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Yaran da ke sakandare yanzu ba a haife su ba lokacin rikicin farko. Da yawansu sun tashi ba su da aboki ko ɗaya daga ɗaya ɓangaren, abin da suka sani game da maƙwabtansu daga waya suke samunsa. Me wayar ke nuna musu? Duk lokacin da aka kai hari, a Mangu ne, ko Bokkos, ko Bassa, ko aka tare matafiya a hanya, kafin gari ya waye hotunan gawawwaki sun cika guruf-guruf, a kowane ɓangare, kowa da nasa gawawwakin da nasa bayanin. A 2018 sashen bincike na BBC ya bi diddigin hotunan da suka yaɗu a Facebook lokacin kashe-kashen Barikin Ladi na watan Yunin shekarar, ya gano wasu tsofaffi ne da shekaru, wani bidiyon ma daga wata ƙasar Afirka ya fito. 'Yan sandan Filato sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen rura wutar.

Ana yawan maganar yadda wannan ke haddasa ramuwar gayya, kuma gaskiya ne. Ni tambayata ita ce, me ke faruwa a zuciyar yarinya 'yar shekara 13 da ta kalli bidiyon yankan mutum ƙarfe ɗaya na dare, ita kaɗai, sannan ta kashe waya ta yi ƙoƙarin barci? A al'adarmu ba a barin ƙananan yara su leƙa wajen wankan gawa, ko jini aka zubar a titi ana kauda fuskarsu. Yau mu manya ne ke tura waɗannan hotuna a guruf ɗin dangi, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu suke, muna cewa don a sani ne, don a yi addu'a. Firgita a barci, faɗuwar gaba in an ji ƙara, tsoron bin wata hanya, ƙiyayyar mutanen da ba a taɓa zama da su ba, duk suna iya biyo bayan irin wannan kallo. Wanda ya tura ya manta, yaron da ya gani yana nan da abinsa.

Dole kuma a yi wa iyayen Jos adalci. Da yawanmu da gangan muka saya wa yara waya, saboda yaron da ke ɗaki yana danne-danne ya fi kwantar mana da hankali a kan wanda ke waje ba mu san inda yake ba. Wanda ya taɓa kwana cikin dokar hana fita yana lissafin 'ya'yansa ya san abin da nake nufi. Ga tsoron 'yan sara-suka, ga tsoron shaye-shaye. Filayen da aka yi ƙwallo a da, a garin da ya fitar da su Ahmed Musa da Mikel Obi, da yawa an yanka su an yi gine-gine. Yarinya kuwa dama ba ta da inda za ta je in ba makaranta da gidan biki ba. Saboda haka in za mu ce a rage waya, sai mun amsa tambayar da yaran ke yi mana, kuma tambaya ce mai kyau: to mu yi me?

Yanzu ga abin da ya fi komai hana ni sakewa. Wata ɗaliba da na sani da ƙoƙari ta fara ja baya a karatu, ta daina magana, ta rame. Da wata malama ta zauna da ita, sai ta fashe da kuka ta ce, "Anti, don girman Allah kar a faɗa wa Baba, kashe ni zai yi." Wani ne da suka haɗu a intanet ya yi ta lallaɓa ta da maganar aure har ta tura masa hoton da bai kamata ba, daga nan ya koma barazana, ko ta turo kuɗi da wasu hotunan ko ya watsa. Ta daɗe tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana cire kuɗin makaranta tana tura masa. Irin wannan ba sabon abu ba ne, kuma ƙasarmu ta yi ƙaurin suna a kai. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya da ke wannan sana'a. A Satumban shekarar wata kotu a Amurka ta ɗaure wasu 'yan uwa biyu daga Legas shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa cikin 'yan awoyi da fara yi masa barazanar. Samari ma ana yi musu, da shafukan bogi masu hoton mata.

Makamin mai wannan barazana guda ɗaya ne, wato ya san yaron ya fi tsoron gida a kan tsoronsa. A nan ne kallon lamarin ta fuskar tarbiyya kaɗai ke cutar da mu. Idan abin da yaro ya sani shi ne ranar da aka gano ya yi kuskure a waya za a yi masa dukan kawo wuƙa, a ƙwace wayar, a cire yarinya daga makaranta a aurar da ita, to ba zai taɓa zuwa ya faɗa ba. Zai haɗiye, abin ya ci shi. Ina roƙon kowane uba da kowace uwa su kira 'ya'yansu tun kafin wani abu ya faru, su ce musu da baki: duk abin da ya same ka a waya, komai muninsa, ka zo wurina, zan fara tsaya maka kafin in yi maka faɗa. In ya faru, kada a biya ko kwabo domin biya ba ya tsayar da su, kada a goge saƙonnin domin su ne hujja, a toshe mutumin, a kai ƙara. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan.

Zan faɗi abin da masu ra'ayi irin nawa ba su cika son faɗa ba. Masana ba su gama yarda da junansu ba kan girman illar. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya kawo binciken da ya nuna matasan da ke wuce awa 3 a rana a kafafen sada zumunta haɗarin kamuwarsu da alamun ciwon damuwa da fargaba ya ninka biyu. Amma wasu masu bincike a jami'ar Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, sun duba bayanan dubban ɗaruruwan matasa a 2019 suka ce alaƙar da ke tsakanin amfani da na'ura da walwalar matashi ƙarama ce ƙwarai in an ɗauki jama'a gaba ɗaya. Akwai kuma tambayar wanne ya fara, wayar ce ta kawo damuwa, ko mai damuwa ne ya fake a waya? Ni abin da na fahimta shi ne ba kowane yaro abin ke kayarwa ba. Binciken da ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar a 2024 ya nuna matasan da amfaninsu da waɗannan kafafe ya zama matsala, har ba sa iya dainawa kuma yana ɓata musu sauran al'amura, sun tashi daga kashi 7 cikin ɗari a 2018 zuwa kashi 11 a 2022, kuma 'yan mata sun fi yawa. Ɗaya cikin goma ke nan. A ajin da ke da ɗalibai 60, in lissafinmu ya yi kusa da nasu, mutum shida ne, kuma kowannensu ɗan wani ne. Maganar rashin barci kuwa babu gardama a kanta.

Ina kuma ganin amfanin wayar da idona. Ina da ɗaliban da suka fahimci lissafi a YouTube bayan ya gagare su a allo, masu gwada tambayoyin JAMB a waya, masu gyara karatun Alƙur'ani da sauraron manyan makaranta, 'yan matan da ke tallar lalle da kek suna biyan kuɗin jarrabawarsu. Wanda ya ce a raba matashin yau da intanet gaba ɗaya, ya ce a bar shi a baya ne.

Shi ya sa ban ga hanyar da Ostireliya ta bi za ta yi mana ba. Sun yi doka a ƙarshen 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi, ta fara aiki a Disamban 2025, tare da tara mai nauyi a kan kamfanonin. Ina yaba musu da suka ɗora nauyin a kan kamfani. Amma mu nan mun ga yadda aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kowa ya koyi zagayawa ta bayan gida cikin kwana biyu. Ko ƙa'idar shekara 13 da manhajojin suka sa, yaro yana canza shekarar haihuwa ne ya wuce. Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya yi rajistar layi da sunansa. Ma'ana duk layin da ke hannun ɗalibina, da sunan wani babba aka yi shi, uba ko uwa ko yaya. Wanda ya ba da sunansa ya ɗauki amana.

Abu na farko da nake kira a kai ba ya cin ko sisi: waya ta daina kwana a ɗakin yara. Ƙarfe tara da rabi ko goma, kowa ya kawo tasa ɗakin Mama ko falo a jona a caji, sai da safe. Wanda ya ce da ita yake tashi asuba, ga ladan, ga ƙaramin agogo a kasuwa. Amma sharaɗin shi ne Baba ma ya rage. Ba zai yiwu uba ya kwana yana muhawarar siyasa a Facebook, uwa tana bin labarin rikicin gidan wasu har ɗaya na dare, sannan a ce yaro ya ajiye ba. Yara abin da suka gani suke ɗauka. Kuma gida ɗaya ba ya iya wannan shi kaɗai, domin yarinyar da aka karɓe wa waya alhali duk ƙawayenta suna hira sai ta ji an ware ta, shi ma wani ciwon ne. In iyayen aji guda suka haɗu a taron makaranta suka tsayar da lokaci ɗaya, suka kuma yarda cewa ɗan ƙaramar sakandare ƙaramar waya ta kira ta ishe shi, abin zai zo da sauƙi ga kowa. Mu malamai ma mu daina tura aikin gida ta WhatsApp da daddare, muna ba yara hujjar riƙe waya. Limamanmu da suke da mumbari kowace Juma'a su ƙara maganar barci da haƙƙin jiki a kan maganar rawa, su kuma faɗa wa manya cewa tura hoton gawa ba ibada ba ce. Hukumar NCC kuma tana da hurumin ta tambayi kamfanoni dalilin da ya sa rangwamen da ɗalibai suka fi iya saya sai tsakar dare yake aiki, alhali ana iya yin irinsa da yamma.

Ga yaron da abin ya riga ya yi nisa, akwai alamun da bai kamata a jira ba: ya daina abin da yake so a da, ya ƙaurace wa mutane, ci ko barcinsa ya rikice na makonni, yana kuka ba dalili, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Wannan kalma ta ƙarshe ba a ɗaukarta wasa, ko da dariya ya faɗe ta, kuma ba a barinsa shi kaɗai a ranar. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Sai a Janairun 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum fiye da miliyan 200. Mu a Jos muna cikin masu sa'a, domin asibitin koyarwa na JUTH yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma likitan asibitin unguwa zai iya rubuta takardar turawa can.